Maɓallan Soja Shida

A cikin buhun shinkafa mai gidana ya shigo da na'urar, lokacin muna zaune a Karantina, unguwar mutanenmu a ƙasa mai tsarki, 'yarmu ta fari tana shekara biyar. Kamfanin da yake wa aiki na shimfiɗa bututun ruwa ne, da ita suke laluben tsofaffin bututai kafin su haƙa. Da aka sayo sabuwa sai injiniyansu ya bar masa tsohuwar. Sanda ce mai faifai a ƙasa, in ta bi ta kan ƙarfe sai ta yi tsuwa kamar ɗan tsako. Ranar farko cokulana ya binne a tsakar gida yana nema, ina ta yi masa dariya.

Kudu da unguwarmu akwai wani makeken fili da babu komai sai tarkace da ƙaya. A nan ne mutanenmu na farko, waɗanda suka zo Hajji a ƙasa ta Sudan, suka kafa bukkokinsu na langa-langa da katako, kafin baladiyya, wato hukumar gari, ta share wurin. Can yake zuwa duk Juma'a bayan asuba, ya dawo kafin rana ta yi zafi, aljihunsa cike da ƙusoshi da murafan kwalba. Wani lokaci a dace da kobo mai huji, ko sisi, ko ƙirshi na da. Ni ce mai wanki. In jiƙa su da lemon tsami, in goge da toka, in jera a faranti. Na fi shi son abin, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba.

Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa da ƙuli, kowa Inna yake ce mata. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta da ɗa ba ta da jika, sai labari guda ɗaya da ta ba ni ya fi sau ashirin ina tsince mata gyaɗa. Mijinta tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Boma, suka taho tare, shekara uku a hanya. A bukkarsu ta wancan filin ya rasu. Rigar sojansa ta mutu tun a hanya, amma ta cire maɓallanta shida na tagulla ta zura a igiyar fata, ta sa a gwangwanin shayi, ta binne a gindin murhu saboda gobara. Wata shekara ta tafi aikin girki Makka lokacin Hajji, ta dawo ta tarar an baje unguwar, ko lungunsu ba ta gane ba.

"Kin san nan ba a barin mu mata mu shiga maƙabarta," in ji ta. "Ko an bar ni, wane kabari zan nuna? Ɗakin nan kaɗai nake so in sani. In tsaya inda ya cika, in yi masa addu'a, halas, shi ke nan."

Wata Juma'a na bi mai gidana filin da fulas ɗin shayi. Kusa da wani kututturen itace na'urar ta yi tsuwa mai ƙarfi. Ya haƙa kamar kamu biyu, ya fara fito da duwatsu uku baƙi ƙirin, sannan gwangwani da tsatsa ta cinye. Yana taɓa shi ya ruguje. A ciki maɓallai ne, sun yi kore, fatar ta zama gari. Na ƙirga su a tafin hannuna. Shida.

Tun a wurin na sani. Ba zan ce daga baya na gane ba.

A hanya na gaya masa. Ya tsaya cak, ya ce, "Ki rufa mana asiri. Inna ce fa, ba ta riƙe magana. Kafin azahar duk Karantina ta ji muna haƙa a filin gwamnati, ga iƙamata, takardar izinin zama, a hannun kafili, mai tsaya mini, ba a sabunta ba. Ki bari takardar ta fito tukuna."

Maganarsa tana kan hanya, kuma na ji daɗinta fiye da yadda ya kamata. Don da na wanke su suka fito jajur kamar zinariya, kowanne da hoton bishiya a tsakiya, ɗaya kuma ya ɗan lotsa a gefe. Na riƙa ce wa kaina ai dabino ne, tambarin ƙasar nan, wataƙila na wani ɗan sandan da ne. Na yi sakandare, na kuma yi Islamiyya, na san hukuncin tsintuwa: a yi cigiya shekara guda. Ni kuwa ba ma cigiya nake buƙata ba, taku goma ne tsakanina da mai kayan.

Iƙama ta fito bayan wata biyu. Shi ya manta da zancen, ni ban tuna masa ba. Kullum ina kai mata tuwo, ina ɗiga mata maganin ido, ta sa mini albarka in amsa da amin. Ta sake ba ni labarin sau biyu a tsakanin, ina jin ta ina kallon gyaɗa. Kowane karo sai in ce gobe. Da abin ya daɗe kuma sai kunyar daɗewar ta zama wani sabon dalili, don in na kai mata yanzu za ta tambayi yaushe aka samu.

Azumi ya zo ya wuce rabi. Na ɗinka wa 'yata rigar Sallah, koriya, na rasa maɓallan da suka dace da ita har a shagunan Sharafiyya. Na ɗauko na faranti na gwada, suka zauna kamar don ita aka yi su. Na ce ai Inna ba ta gani. Wallahi da wannan kalmar na zura allura.

Ranar Sallah da hantsi na kai yarinyar gaisuwa. Inna ta jawo ta jikinta tana tsokanarta.

"Zo nan, kishiyata. Wa ya yi miki wannan ƙamshi? Mijina za ki ƙwace?"

Ta shafa kanta, ta shafa kafaɗa, hannun ya gangaro ƙirji. Sai ya tsaya. Na ga babban yatsanta yana zagaya maɓalli na farko, ya sauka na biyu, a hankali kamar mai jan carbi. A na huɗu, mai lotsawar, ta daɗe. Yarinyar tana ta mutsu-mutsu tana son a ba ta alewa.

"Wannan a jirgin ƙasa ya lotsa," in ji Inna, ba da ni take ba. "Ƙofa ce ta matse shi."

Ta ba yarinyar alewa ta ce ta je ta yi wasa. Na durƙusa a gabanta. Na fara kawo zancen iƙama, ta ɗaga hannu.

"'Yar nan, yaushe?"

"Wata bakwai, Inna."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na samu sauƙi. Cewa ta yi, "Kin ga wurin da idonki?" Na ce na gani, har duwatsun murhun. Sai fuskarta ta washe, ta kama lalubar mayafinta. "To yalla, kira min mai gidan naki."

A motar wani maƙwabci muka tafi, ita a gaba tana ta ba direba labarin lungunsu, wa ke dama da su, wa ke hagu. Ni da mai gidana muna baya. Ashe ya daina zuwa ɓangaren tun kafin azumi, bai gaya mini dalili ba. Da muka isa na gani. An kewaye rabin filin da katangar bulo, a ciki an zuba kankare an kafa ƙarafan sito. Babu kututture, babu alamar komai. Mai gadi, wani Bayamane, ya ce shekaranjiya wata uku da fara aikin.

Wata uku. Da na yi magana ranar da iƙama ta fito, da ta tsaya a kan duwatsun murhunta.

Mai gidana ya yi ta auna katangar da ido, ya ce yana jin ta wajen can ne, ko kuma gaba kaɗan. Inna ta ce a kai ta jikin bangon. Ta dafa bulon da tafin hannu, ta tambaye ni, "Nan ne?" Na so in ce eh. Na ce, "Ban sani ba, Inna." Ta gyaɗa kai, ta yi addu'arta a nan, a takaice, muka dawo.

Da la'asar na warware maɓallan na kai mata a ƙyalle. Ta karɓi mai lotsawar kaɗai, ta ƙulle a bakin zanenta, ta turo mini biyar.

"Mayar wa yarinya, kada ki ɓata mata Sallah. Na yafe miki. Gobe ki zo da wuri, gyaɗar da yawa."

Na je da wuri, na ci gaba da zuwa har shekara biyu da ta ƙara a duniya. Ba ta sauya mini fuska ba ko sau ɗaya. Amma ba ta sake ba ni labarin sojan ba, ni da na ji shi sau ashirin ina ƙosawa. Nakan ji ta ta katanga tana ba wasu matan.

Da ta rasu ina cikin masu yi mata wanka. Na kwance ƙullin bakin zanen, na rasa wanda zan miƙa wa maɓallin, don ba ta bar kowa ba. Suna nan su shida a cikin kofin shayi a saman kabad. Ban ƙara goge su ba, sun koma kore.