Tsingaron Uwar Yakura

Duk wanda ya san unguwar Bagadaza a Gombe ya san Yakura mai kasko, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan mai lafaya ruwan toka, wadda ke zama a bakin zauren wani gidan haya, ƙananan kasaken turaren wuta jere a gabanta. Mutane sun ɗauka iyakar sana'arta ke nan. Ina! A garinsu, can ƙasar Barno, randa take ginawa, irin wadda yaro zai shige ciki ya ɓuya. Haka uwarta ta yi, haka kakarta.

A gidansu kuwa akwai yadda ake yi. In randar uwa ta tsufa ta fashe, ba a zubar da tsingaronta. 'Yar ce za ta daka shi a turmi har ya zama gari, ta kwaɓa a cikin sabon yumɓu. Kowace maginiya ta san garin tsingaro yana ƙarfafa yumɓu, amma su abin ya wuce nan. Duk randar da ta fito daga hannunsu da ɓurɓushin ta uwa a jikinta, ta uwa kuma da na ta kaka, har can inda sunaye suka ɓace.

Ranar da rikici ya tashe su, ita da ɗanta Ajimi suka fito. Mijinta bai fito ba, kuma ba ta son a tambaye ta. Wasu sun ɗauki tabarma, wasu buta; ita abin da hannunta ya kai kai shi ne tsingaro guda na randar uwarta, bai fi tafin hannu ba, da ma yana kan katanga yana jiran turmi. Ta ƙulle shi a bakin lafaya. Haka ya zo Gombe, ya kwanta a ƙasan kwallarta shekara da shekaru. A ɗaki ɗaya na haya ina za a gina randa? Ina za a toya ta, maƙwabta ba su yi ƙorafin hayaƙi ba? Sai ta koma kasko, yatsunta kuma suna ta kumbura a hankali.

To, a unguwar Manawashi akwai wani gida da 'yan unguwa suka haɗu suka buɗe don koyon ginin tukwane. Mai kula da shi Malama Edna ce, tsohuwar malamar makaranta, mace mai dariya da ƙarfi. Duk shekara sukan gayyato magini guda ya zauna da su 'yan watanni, a ba shi ɗaki da abinci da yumɓu, ya gina abin da ransa yake so, masu koyo suna kallo. In zamansa ya ƙare a kira jama'a su ga aikin. Wata rana Edna ta tsaya sayen kasko, ta juya shi, ta shafa bakinsa da ɗan yatsa, ta daɗe.

"Mama, wannan hannun ba na kasko ba ne. Me kike ɓoye mana?"

Yakura ta kawar da kai, ko da Edna ta gayyace ta gidan nasu ba ta amsa ba. Amma da damina ta kama, sai ga ta a Manawashi da kwallarta.

Rabon da ta kwana a ɗaki ita kaɗai har ta manta. Aka ba ta katifa, aka ba ta fanka, kullum sai an tambaye ta ko ta ƙoshi. Duk sa'ad da aka ajiye mata kwano sai ta ji wani nauyi ya ƙaru a wuyanta. Wanda ta fi sakewa da shi Timoti ne, magidancin da ke kula da matoyar gidan, wani ɗaki na bulo mai ƙofar ƙarfe da ake cika shi da tukwane a hura itace ta ƙasa.

"Ɗan nan, wannan gidan burodi ne ko wurin toya tukwane?"

"Mama, ku da kuke toyawa a fili kamar masu gasa masara? In aka yi ruwa fa?"

"Mu ba ma gini da damina. Ku ne ba ku san lokaci ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta ɗan murmusa, abin da Ajimi ya ce rabonsa da gani tun suna gida.

Wata safiya ta ciro tsingaron, ta ari turmi, ta daka. Ba ta gaya wa kowa ko na mene ne ba. Ta kwaɓa garin a yumɓu, ta fara gini a ƙasa, tana zagaya randar da baya da baya, tana ɗora mata yumɓu zobe kan zobe, masu koyo sun bar faifansu mai juyawa sun kewaye ta. Yatsun suna mata zugi, wani lokaci sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin ta ci gaba. Ta san ba ta da wata babbar randa a hannun nan bayan wannan. Da ta gama wuya ta murza igiya a kafaɗar randar, zanen gidansu ya fito, sai ta zauna a gefenta har aka watse.

Saura bushewa. Sai sama ta ƙi. Yau ruwa, gobe hadari, rana ta leƙo ta koma. Ƙananan kayan masu koyo duk suka bushe, randa kuwa kauri gare ta, musamman gindi. Ranar taro ta matso, an gaya wa jama'a, an sayo itace an jibge, kayan kowa na jiran wuta.

Timoti ya zo ya ƙwanƙwasa cikin randar da ɗan yatsa, ya saurara.

"A kunnena ta bushe. Amma ban taɓa toya mai girma haka ba. Mama, ke kika san 'yarki. A sa ta, ko a jira?"

Yakura ta durƙusa ta kara kuncinta a gindin randar, yadda uwarta ta koya mata. Sanyi ta ji, sanyin nan na ruwan da bai gama fita ba. Ta ɗago. Ga Edna tsaye tana murmushi, ta riga ta gaya wa rabin Gombe za su ga randar Barno. Ga masu koyo. Ga itacen da ruwa zai jiƙa in aka ƙara jira. Watanni tana cin abincin mutanen nan, tana kwana a katifarsu, ba wanda ya taɓa ɗaure mata fuska. Yau kuma ita, baƙuwa, za ta buɗe baki ta ce a tsayar da komai saboda ita?

"Yadda kuka gani," in ji ta.

"A'a, Mama, yadda kika gani dai," in ji Timoti.

"Ku sa ta."

Mutum uku suka ɗauke ta zuwa matoya. Timoti ya fara da wuta kaɗan kaɗan, ya yi iya ƙoƙarinsa. Yakura na zaune a inuwa tana jan carbi. Can wajen azahar aka ji wani tum daga ciki, ba mai ƙarfi ba, kamar an ajiye buhu. Timoti ya waiwayo ya dube ta. Ba ta daina jan carbin ba.

Da matoyar ta huce aka buɗe, kofuna da kwanonin masu koyo sun fito ja jawur, sai 'yan kaɗan da tsautsayi ya shafa. Randar ta zube a kusurwa, gindin ya tarwatse, wuyan ya kife a kai. Edna ce ta kama hannun Yakura ta ja ta gefe, a nan ne Yakura ta gaya mata abin da ke cikin yumɓun, a taƙaice, da Hausarta mai nauyin Barno.

"Wayyo Allah, Mama! Kin san ba ta bushe ba? Me ya hana ki faɗa? Ai da taron muka ɗaga!"

"Kun yi mini komai, Malama."

Edna ta share ido da bakin ɗankwali, sai kuma ta zabura. "To ai ga gutsattsarin nan, ba abin da ya ɓata. Mu tattara, ki daka, ki sake kwaɓawa. In hannu ne, ga yaran nan su taya ki. Ki ƙara wata nawa kike so, ɗakin naki ne."

Yakura ta girgiza kai. "Wadda aka sha ruwa a cikinta ita ake dakawa. Wadda ta mutu a wuta ba a sa ta a jikin wata. Haka muka taras."

"Wa zai sani, Mama?"

"Ni."

An yi taron, jama'a sun zo, Yakura ta zauna kan kujerar da aka ajiye mata a gaba, ana gaishe ta tana amsawa. Washegari Ajimi ya zo da Keke Napep. Timoti ya tara gutsattsarin a daro ya kawo, ya tsaya bai san inda zai ajiye ba.

"Mama, a sa miki a baya?"

Ta dubi daron, ta daɗe tana dubansa.

"Ramin nan na bakin ƙofarku da ruwa ke kwanciya," ta ce, "ka zuba a ciki. Masu shigowa suna ɓata ƙafa."