Na ajiye makullin injina ana tsakar kakar shinkafa

Jiya ina tsaye bakin injin casa, buhunan manoman Kirikasamma sun yi layi har titi, sai ga Inna a kan babur. Shekara tara da buɗe wurin nan, mahaifiyata ba ta taɓa takowa ba.

Na kashe injin, na durƙusa.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Yaushe za ka kai ni wurin Yaya Falmata?"

Yayarta ce, a wani ƙauye can gaba da Birniwa. Su biyu suka rage a ɗakinsu.

Na ce, "In sha Allahu da an gama kaka."

Ta ce, "Bara ma haka ka ce. Idona ya fara hazo, Modu. So nake in gan ta, ba in je ina shafa fuskarta ba."

Wallahi na kasa ɗago kai.

Yau da safe na miƙa wa ƙanina makulli. Wata biyu zan yi ba na nan. Ni da Inna da maiɗakina da yara za mu fara da Yaya Falmata, sannan mu bi dangi gida-gida har Nguru. Yarana ko gaisuwa da Barbarci ba su iya ba.

Na san wasu manoman za su koma wani injin, wataƙila ba za su dawo ba. Na ji, na yarda. Asabar za mu tashi da yardar Allah.

Ku fa, wa kuke ta ce wa "sai an gama kaka"?