Sunan da Kwamfuta Ta Tsallake

Da aka tashe mu daga Darini, muka rakuɓe a gidan kawuna a Batsari. Yayana, ɗan farin Inna, ba ya cikinmu. Mutanen daji sun ɗauke shi a hanyar gona tun farkon damina, kuma shiru, ko waya ba su bugo ba.

Lokacin ina koyon C++, wani yaren ba kwamfuta umarni, a makaranta a Katsina. Malaminmu ba ya son dogon rubutu. Idan kana da jerin abubuwa, in ji shi, ka miƙa wa wata dabara mai suna copy farkonsa da ƙarshensa, ta zubo su a allon kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda. Akwai kuma copy_if, ita wannan mai zaɓe ce: sai wanda ya cika sharaɗin da ka gindaya take fitarwa. Ni da ɗoki, sunayen 'yan gidanmu na zuba nake gwaji da su.

Sai kawu ya ce za a raba hatsin agaji, kuma waɗanda ke nan kaɗai ake so a rubuta. Na ce abu mai sauƙi. Na sa wa kowa alamar yana nan ko ba ya nan, na kira copy_if, sunaye suka jeru tsaf. Har da ɗan jin kai na yi.

Inna na gefe tana tsince wake. Ba ta karatu.

"Karanto mani in ji mi ta rubuta," ta ce.

Na fara daga Baba, na gangaro kanta, na faɗo kaina. Hannunta ya tsaya a cikin wake.

"Ta yi tsallake."

"Inna, waɗanda ke nan aka ce."

"Wa ya gaya mata ba ya nan?"

Ni na gaya mata, da yatsuna. Sai lokacin na ga abin da na rubuta.

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, saboda kunya. Tun tasowata, "yaron nan" kawai nake ji. Ranar Inna ta ɗago kai, a gaban kawu, ta faɗi sunansa cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran wanda ke bayan ɗaki.

"Mai da shi," ta ce. "Su riƙe hatsinsu."

Na goge sharaɗin. Sunansa ya fito a samana, inda yake tun da aka haife ni.