Baba Sanda Mai Duban Rana na Garin Dikko

Da an gama ɗaurin hatsi, sanyi ya fara shiga, fitowar rana ba ta samun Baba Sanda a ɗaki. Yakan yafa bargonsa, ya zagaya bayan gida, ya hau wani faffaɗan dutse ya fuskanci gabas. Can bakin gonarsa akwai kukoki biyu. Kowace safiya rana takan ɓullo ta ɗan gusa kudu, har ta kai gindin kukar dama ta tsaya cik kamar an ɗaure ta. Ranar da ya ga ta tsaya, sai ya aika gida-gida: jibi buki.

Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki a Garin Dikko, wani ɗan ƙauye a ƙasar Cadakori. Asalin mutanen garin Anna ne, masu bin addinin kaka da kakanni. Yanzu gida tara suka rage a kai, sauran sun musulunta, ana shan rijiya ɗaya. A wurin gidajen nan tara, ranar da yini ya kai ƙarshen gajartarsa ita ce mafarin shekara. Masu aiki a Maraɗi da Katsina sukan bugo waya su ji ko Baba ya yi magana, su hau kabu-kabu su iso. Da hantsi a yanka jan akuya a gindin kukar, a roƙi lafiya da damina mai albarka, a ci tuwo, a yi kiɗa har la'asar. Babban aikin dai shi ne rumbun iri: kowane gida ya kawo daminsa mafi kyau, a zuba, Sanda ya liƙe bakin da laka. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

Mushe Ridwanu, wanda ya koyar a lakol ɗin garin, wato makarantar boko, ya yi shekara uku yana gwada maganar tsohon da kalanda. Ya ce bai taɓa kauce wa ranar da fiye da kwana biyu ba.

Amma abin da garin ba zai manta ba shi ne shekarar da tsutsa ta cinye zangarniya. Kafin tsakiyar bazara rumbuna sun yi fayau. Wata rana da azahar Idrisa, ɗan ƙanensa, ya zo bakin rumbun iri da gatari a kafaɗa.

"Baba, ka buɗe muna. Kwana biyu ɗiyana ba su ga tuwo ba, sai dafaffen ganye."

"In na buɗe yau, mi za ka shuka in ruwa ya zo?"

"Sai muna da rai za mu yi shukar, Baba."

Sanda ya san gaskiya ya faɗa. Ya shiga gida ya kwanto sa ɗaya tilo da ke ja masa amalanke, ya miƙa masa igiyar.

"Kai shi kasuwa, ka auno dawa, a raba ma gidajen da babu. Gatarin kuwa aje shi nan."

Daga ranar ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin rumbun. Kwana arba'in da bakwai yana yini a wurin, gidansa na cin ganyen da kowa ke ci. Matarsa Kande ta ce har zoben hannunsa ya riƙa zamewa.

Da ruwa ya sauka aka fasa lakar. Ana cikin rabo sai ga Malam Mujahid, limamin garin, ya tsaya daga nesa, kunya ta hana shi matsowa. Mutanensa sun riga sun cinye irinsu. Wani daga cikin Anna ya ce, "Shekara nawa ba su zuba ko zangarniya guda ba?"

Sanda ya ce, "Kakansu da kakanmu sunka gina rumbun nan. Malam, miƙo ƙwarya."

Ba gonar da ta kwana ba shuka a garin. Da kaka Sanda ya kwaso nasa hatsin a ka, dami-dami, don babu san da zai ja amalanke. Tun daga shekarar gidajen Musulmi ke kawo nasu damin ranar buki. Ba sa cin naman akuyar, shi ma bai taɓa yi musu tayi ba; yakan ba liman zakaru ya yanka, a ɗora musu tukunya daban.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, ya miƙa aikin ga ɗiyarsa Lami, wadda ita ma ta yi jikoki.

Baba Sanda, kai ne ka ji kukan yunwa a gidanka ka ƙi taɓa amanar gari. Kai ne ka riƙe addininka ba ka raina na maƙwabci ba. Makiyayin iri, mun gode. Duk wanda aka damƙa wa kayan jama'a, ko magajin gari ne ko mai riƙe da makullin famfo, ya dubi yadda tsohon nan ya yi da nasa.

Wanda kuma hanya ta bi da shi Cadakori, ya ratsa ya gaishe shi tun yana da rai. Ba ya karɓar komai sai goro, shi ma sai an daka masa, don haƙoran sun tafi.