Telan da Ke Shiga Bargo da Tsakar Rana

A kasuwar Omdurman ta ƙasar Sudan na ga wani dattijon tela yana ɗinka siririyar waya mai haske a jikin rigar rawar amarya. Hasken ba ya ganuwa da rana, don haka sai ya lulluɓa da bargo, shi da rigar, ya kunna batir ya duba. Ya fito gemunsa na ɗigar gumi.

Mai rigar tana cikin mota tana shan sanyi. Ta ɗan sauke gilashi ta ce, "Ya hajj, sake dubawa."

"Hadir," in ji shi, wato "to, an gama" da Larabci, ya koma cikin bargon.

Raina ya ɓaci. Wataƙila gidansa ko fanka babu. Sa'an kakanta ne fa, kuma ga ruwan sanyi a hannunta, amma ko tayi ba ta yi masa ba, ta ɗage gilashinta.