Baƙin Sa Daga Dahome

Ƙwas! Taɓarya ce ta bugi bakin turmi. Ina ɗaki na idar da sallar walaha, na ɗauka akuya ce ta ture ta. Da na leƙo sai na hangi bayan yayan maigidana yana fita ta ƙofar garke, taɓaryata a kafaɗarsa. Namiji da taɓarya! Har murmushi na yi, Allah ya yafe mini.

Lokacin Nasara ba su tafi ba, gadar kogi ma ba a gama ta ba. Gida ɗaya muke zaune da Yaya a Gaya ta bakin kogi, garke ɗaya, gadon mahaifinsu: fararen gudali manya masu tozo, waɗanda mahauta ke rububinsu. Sai dai fadamar da suke kiwo cike take da ƙudan tsando, kowace damina ciwon sammore sai ya kayar mana da wasu. Maigidana ya gaji da jan mushe. Ya ƙetara Dahome, ya dawo da wani baƙin sa gajere, muturu, ba tozo, da kaɗan ya wuce ƙuguna.

Yaya ya zagaya shi yana dariya. "Wannan bunsurun fa, na layya ne?"

"Yaya, irinsu tsando ba ya kashe su. Mu haɗa jinin, ko ƴaƴan su rayu."

"Mahauci nama yake saye, ba tsawon rai ba. Ko likitan dabbobin Nasara ya gan shi dandaƙe shi zai yi. Ji nan, yaro, shanun Baba farare ya bar su. Ka ɗaure abinka nesa."

An ɗaure shi, amma ya tsinke igiya ba sau ɗaya ba. A safiyar da nake ba da labari, karsanar da Yaya ya fi ji da ita ta haihu. Ɗan maraƙi ya fito ƙarami, dabbare-dabbare, bayansa shafal.

Kukan san ne ya fitar da ni ba ko takalmi. Ban taɓa jin dabba ta yi irin wannan kuka ba, kamar mutum. Na tarar makiyayan Yaya sun kayar da shi, sun ɗaure ƙafafu, sun ɗora marainansa bisa gungume, Yaya na ɗaga taɓarya yana saukewa. Dandaƙa ta gaskiya bugu kaɗan ce a kan jijiya. Wannan daka ne. Gefe guda ga maraƙin nan an yanka shi, ko bushewa bai yi ba, uwar tana lasar jinin.

"Yaya, don Allah! Don girman Allah!"

"Koma ciki, amarya, ba maganar mata ba ce."

Sai ga maigidana daga bakin kogi, wani ya kai masa labari. Ya dubi maraƙin, ya dubi san. Ya kama taɓaryar. Suka yi ta ja, suna tattaka kashin shanu, garke duk ya watse. Yaya ya saki, ya fizgi sandar makiyayi ya sauke wa maigidana a goshi. Jini ya rufe masa ido. Na ji ya ce, "Ni ka fasa wa kai saboda launin saniya?" Ya juya taɓaryar da hannu biyu.

Ƙarar ba ta da yawa. Yaya ya durƙusa, ya tofar da haƙora a ƙasa, haɓarsa ta karkace gefe. Ni dai salati nake, na cire kallabina na rasa wanda zan fara ɗaure wa. Mutumin da ya goya mijina bayan rasuwar uwarsu, shi ne kwance yana gurnani kusa da san.

San bai tashi ba, kafin azahar aka sa masa wuƙa. A dispansar aka ɗaure wa Yaya haɓa. Da gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo tambaya, ya nuna da hannu cewa saniya ce ta harbe shi. Dattijai suka raba garken, aka kafa zana a tsakiyar gida. Maigidana ya koma ba ya cin abincin kirki, ba ya ambaton wansa, in ya ji tarinsa ta bayan zana sai ya tashi ya fita. Abin da nake roƙo a kowace sujada ɗaya ne: kada su mutu a haka.

Na ji an ce Yaya ba ya iya tauna, yana ramewa. Na dama kunun tsamiya ruwa-ruwa, na tace, na zuba a ƙwarya. Ni ba ni da fuskar shiga. Na ba ƴata, wadda ko lakwal, makarantar boko, ba ta isa shiga ba, na ce ta kai wa Baba Babba. Na tsaya jikin zana ina jiran in ji an yi jifa da ƙwarya.

Ta daɗe. Ta dawo da ita a kife bisa kai, ta ja zanena har na sunkuya.

"Inna, ya shanye duka. Amma ya ce in ce miki zubarwa ya yi."