Suwaiba Mai Kitso da Jakar Dillaliya

Suwaiba 'yar Tsafe ce, aure ya kawo ta Tudun Wada a Gusau. Mijinta Mu'azu direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya fiye da gida, don haka ta riƙe kitson da ta koya wurin kakarta. Hannunta ba ya da zafi, ga tsabta. Har daga Bungudu mata kan zo su zauna a tabarmarta suna jiran layi.

Cikin masu zuwa akwai Mairo, matar wani tela, mai yawan raha. Tun da jaririnta ya rasu sai ta canza. Da ta ɗora kai a cinyar Suwaiba sai barci, ana jan gashi ba ta ko motsi. In ta yi magana kuma harshe ya yi mata nauyi. Suwaiba ta ɗauka ciwon rashi ne, sai wata rana robar lemo ta suɓuce daga hijabin Mairo. Suwaiba ta ɗauka za ta miƙa mata, ta ji warin maganin tari.

Ta jira kowa ya watse, sannan ta ce, "Mairo, mi ke cikin nan?"

Mairo ta fashe da kuka. Ta ce barci ya ƙaurace mata tun rasuwar yaron, in ta rufe ido fuskarsa take gani. Hajiya Balkisu dillaliya ce ta fara ba ta kwalba ɗaya kyauta, wai za ta sami natsuwa. Yanzu kuwa ba ta iya wuni ba ta sha ba.

Suwaiba ta san matar sarai. Balkisu takan zo da jakar atamfa da turare ta zauna cikin masu jiran kitso. Ashe a ƙasan jakar kwalabe ne da ƙwayoyi, kuma a tsakar gidan Suwaiba ake cinikin.

Washegari Suwaiba ta sami Balkisu har gida, ta ce, "Hajiya, don Allah ki bari. Matan nan kashe su kike yi."

"Na ɗura wa wata ne?" in ji Balkisu. "Marayu gare ni. Ki tsaya ga kitsonki."

Suwaiba ta daɗe tana juya maganar, don ta san yaran Balkisu, ta ma sha yi wa ƙaramar kitson salla. Da Mu'azu ya dawo ta faɗa masa komai. Shi ya raka ta wurin mai unguwa, daga nan maganar ta kai ga jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Aka kama Balkisu, ita kuma ta nuna mutumin da ke kawo mata kayan a cikin buhunan hatsi.

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka sa mata albarka, wasu suka ce mai tona asirin mata ce. Fiye da rabin masu kitsonta suka ɗauke ƙafa, har akwai wadda ta daina amsa gaisuwarta. Mijin Mairo ma ya rantse sai ya sake ta. Suwaiba ta durƙusa masa ta ce, "Malam, ba lalacewa ba ce, ciwo ne. Ka bar min ita."

Ita ta kai Mairo asibiti, ta dawo da ita ta ajiye ta a wurinta. An sha wuya: zufa, amai, rawar jiki, wani lokacin har zagi. Sau ɗaya Mairo ta sulale ta koma sha, Suwaiba ta bi ta ta dawo da ita, ba ta yi mata gori ba. Sai da damina ta wuce kafin Mairo ta koma ɗakin mijinta da ƙafafunta. Yaran Balkisu kuwa, in Suwaiba ta yi tuwo takan aika musu, ko da yake ba kullum ake karɓa ba.

Kwanan baya wata dattijuwa ta yi sallama, ta ce daga Mada take. Tana riƙe da hannun 'yarta, wadda ke tsaye tana layi kamar za ta faɗi. Ta ce an gaya mata akwai mai taimako a gidan nan.

Suwaiba ta ce, "Inna, ni ba likita ba ce, amma na san hanyar asibitin. Ku zauna ku sha ruwa in sauke tukunya, sai mu tafi."